Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Maigida, ka karanta wa iyalinka wannan takarda. Akwai wata cuta mai kama da basir, amma ba basir ba ce. Sunanta ciwon daji na dubura, watau mugun ƙari ne da ke tsirowa a ƙarshen hanji. Yana kama maza da mata.

Ga alamunsa:

1. Jini ko majina cikin bayan gida.
2. Yawan jin bayan gida, a je a yi ta nishi, ba ya fita duka.
3. Gudawa yau, taurin ciki gobe.
4. Rama da kasala ba dalili.

In ɗayansu ya wuce mako 3, kada ka tsaya sayen garin basir a kasuwa ko tasha, kada kuma ka bari wanzami ya sa aska. Ka zo disfensare ko Babban Asibitin Illela. Likita zai sa safar hannu ya duba da yatsa. Kada kunya ta hana ka, gama mai ɓoye ciwo ba ya samun magani.

In an ga ƙari, za a ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kamar mil 50. Wataƙila ka ce, don me ba za a yi aikin nan kusa da gida ba? Ga dalili. Dubura tana can cikin ƙugu, wuri matsattse, kusa da mafitsara da jijiyoyin fitsari da na mazakuta. Aikin yana son hannun da ya saba. A 1982 wani likitan fiɗa na Ingila, Bill Heald, ya nuna lalle a cire ƙarin tare da dukan kitsen da ke kewaye da shi, ba a fasa ba, don cutar takan ɓuya ciki. Dā ciwon kan komo wurin ga kamar mutum 1 cikin 4. Da wannan dabara, a hannun gwanaye, bai kai 1 cikin 10 ba. Can ne kuma za a yanke shawara ko kana bukatar gashi da allura kafin fiɗa.

Wani lokaci akan buɗe wa bayan gida ƙofa a gefen ciki, a manna jaka. Ga waɗansu na 'yan watanni ne, ga waɗansu na dindindin. Mai jaka yana noma, yana cin kasuwa, yana salla, don shari'a ta sauƙaƙa wa mai lalura.

Ka tafi da wuri, tun ƙarin yana ƙarami. Bayan aiki kuma ka riƙa komawa duk ranar da likita ya sa maka. Allah ya ba mu lafiya, amin.