Yadda Ake Tantance Tsofaffin Lambobi da Kwandaloli

A kasuwar kayan tarihi, mai sayarwa kullum cewa yake kayansa garau ne, mai saye kuma sai ya nemo masa aibi. Wannan ja-in-ja ce ta sa masu tara tsofaffin kuɗi a Amurka suka nemi alƙalin da ba shi da riba a cinikin. Ƙungiyarsu ta kafa ANACS a 1972 don gano jabu, kamfanin tantancewa na PCGS ya biyo baya a 1986, sai na NGC a 1987. Da tsabar kuɗin gwamnati aka fara, daga baya aka haɗa da lambobin tunawa da kwandalolin 'yan kasuwa, irin waɗanda masu shaguna suka riƙa bugawa lokacin yaƙin basasar Amurka saboda ƙarancin canji, har gwamnati ta hana a 1864. Ga yadda aikin yake tafiya.

Da farko, mai kaya ya kama hannunsa. Kada ya wanke, kada ya goge, kada ya shafa wani magani don ƙarfen ya yi ƙyalli. Duhun da shekaru suka ɗora wa tagulla ko azurfa shi ne shaidar tsufanta, kuma masu tantancewa suna gane gogaggiyar lamba daga siraran layukan da tsumma ya bari. Mutane da yawa garin neman gira suka rasa ido. Ana riƙe lamba ta gefenta, a saka ta cikin 'yar jakar roba marar sinadarin PVC, domin shi yakan bar koren dauɗa a jikin ƙarfe.

Sai a cike takardar aikawa. Yawanci sai mutum ya yi rajista da kamfanin, ko ya bi ta hannun dillalin da kamfanin ya amince da shi. A rubuta shekarar kayan, ƙasarsa, irin ƙarfensa da kimar da ake zaton ya kai, domin da ita ake yanke kuɗin aiki da na inshora. Da kaya ya isa, a ba shi lambar shiga, a raba shi da sunan mai shi. Masu dubawa ba su san na wane ne ba, balle su yi kara.

Tambaya ta farko ita ce: na gaske ne? Ana auna nauyi da faɗi, a duba gefe, a gwada irin ƙarfen. Lambar da aka buga da hatimin ƙarfe rubutunta kaifi gare shi, wadda kuwa aka zuba a zubi takan fito da ƙananan ramuka da ɗinki a gefe. Idan jabu ce, a mayar wa mai ita ba tare da maki ba.

Daga nan sai a gano asalinta, kuma a nan lambobi suka fi tsabar kuɗi wuya. Kuɗin gwamnati yana da kundi, amma kwandalar da wani mai shago ya buga ba lallai ta zo da shekara ko sunan maƙeri ba. Dole a koma ga littattafan masana: kundin Fuld na kwandalolin yaƙin basasa, na Hibler da Kappen na 1963 kan lambobi masu girman dala, da na Dalton da Hamer kan kwandalolin Ingila na ƙarshen ƙarni na 18. Zane iri ɗaya yana iya fitowa a tagulla da azurfa, farashin kuma ya sha bamban.

Sannan a ba da maki. Ma'aunin daga 1 zuwa 70 ne, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Maki 1 na wadda ta suɗe har da ƙyar ake gane ta ne. Daga 60 zuwa sama na wadda ba ta ci hannu ba ne, 70 kuwa sai wadda ba a ga mata tabo ba ko da madubin da ke ninka girma sau biyar. Ana juya ta a ƙarƙashin fitila, a duba wuraren da suka fi tudu domin su ne ke fara suɗewa. Mutum fiye da ɗaya ne ke dubawa kafin a tsayar da magana. Tagulla kuma har launinta ake rubutawa: ja, ja mai ruwan ƙasa, ko ruwan ƙasa.

Huji ma abin lura ne. Tsohon kwabo da anini da hujinsu aka ƙera su, haka ma wasu lambobin da aka yi don ratayawa, wannan ba aibi ba ne. Amma wadda wani ya huda daga baya, ko ya goge, ko ya yi mata walda, za a shaida ta gaske ce, a rubuta aibinta, a hana ta maki.

A ƙarshe a rufe ta ruf cikin ƙaramin gidan roba mai tauri, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. A jikinsa akwai bayaninta, makinta da lambar shaida. Har gidan robar ma 'yan damfara suna yin jabunsa, saboda haka kafin ka biya, shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin, ka gwada abin da ya fito da abin da ke hannunka.