Darasin Kiwon Lafiya: Ƙiba da Karayar Ƙashi

A Saulawa da ƙauyukan Ikara, idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu hutu. Amma ƙibar da ta wuce kima cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ita.

Yadda Ƙiba Ke Shafar Ƙashi

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Su ke ɗauke da jiki kamar yadda azara ke ɗauke da rufin soro. Idan nauyi ya ƙaru, ƙashi yakan ƙara ƙarfi. Sai dai ƙarfin ba ya kamo nauyin.

Mai ƙiba ya fi saurin faɗuwa, musamman a santsin damina ko wajen sauka daga babur. Idan ya faɗi, nauyinsa duka yakan sauka a wuri ɗaya. Shi ya sa masu ƙiba suka fi karyewa a idon sawu da ƙwauri da damtse. Karayar ƙugu kuwa ta fi samun ramammun tsofaffi. Ke nan rama mai yawa ma haɗari ce.

Ƙashi yana bukatar bitamin D. Fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta. Kitse yakan riƙe wannan bitamin, ya rage wanda ke yawo cikin jini. Ƙiba kuma tana jawo ciwon suga, shi kuma yana raunana ƙashi, yana jinkirta warkewar karaya. Matan da suka daina haila su suka fi bukatar kula, domin ƙashinsu yana rage ƙarfi.

Gwaji da Igiya

A yanko igiya daidai tsawon mutum, daga ƙafa zuwa ka. A ninka ta biyu. A zagaya ciki da ita, sama da cibiya kaɗan. Idan bakinta biyu ba su haɗu ba, tumbi ya yi yawa.

Abin Yi

1. A rage soye-soye da lemon kwalba da sukari. Raken Makarfi da mazarƙwaila ma a sha daidai kima.
2. A riƙa shan nono. A ci wake da riɗi da zogale da miyar kuka da ƙananan kifi tare da ƙayarsu. Suna gina ƙashi.
3. A yi tafiyar ƙafa ta minti 30 kullum. Matan kulle su zagaya tsakar gida, su sha hantsi.
4. A gyara maƙewayi da bakin rijiya don kada su yi santsi.

Idan An Karye

Kada a ja ƙafar, kada a murza ta. A tallafe ta da katako, a tafi babban asibitin Ikara ko na Makarfi. Babbar karaya akan tura ta Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ɗaurin da ya matse yakan tsare jini, har ya kai ga yanke ƙafa. Magidancin da ya karye da damina, gonarsa ce za ta kwanta tare da shi.

Tambayoyi

1. A ina mai ƙiba ya fi karyewa?
2. Yaya ake gwajin igiya?
3. Rubuta abinci uku masu gina ƙashi.