Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Zan Fara Tayar da A-kori-kurar Mahaifina?

Wani mai karatu daga Funtuwa ya rubuto cewa mahaifinsa ya rasu ya bar musu a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda ta shekara da shekaru a ajiye a gindin darbejiya ba a ko tayar da ita ba. Yana son ya mayar da ita bakin aiki don jigilar amfanin gona. Wani makanike ya ce masa sai an sauke injin an sa wani, wani kuma ya ce a fara da bodi da fenti. Tambayarsa ita ce: ta ina zai fara, kuma da akwai dabarun gane lafiyar motar kafin ya zuba kuɗinsa?

Allah ya jiƙan baba, ya kyautata makwancinsa. Na ji daɗin tambayar nan, ɗana, domin motar da ka gada ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Shi ya sa har gobe akwai tsofaffin makanikai da suka san ta ciki da bai, kayan gyaranta kuma ba sa gagara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Shawarar mutanen nan biyu dai ka ajiye ta gefe tukuna. Ba lallai ne da mugun nufi suka faɗa ba, amma dukkansu sun yi gaggawa.

Fara da ƙasan motar. Inji ana gyara shi ko a sauya, amma idan shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da bodi da kaya, ya ruɓe, duk kuɗin da ka kashe a sama asara ne. Ka sami ƙaramar guduma ka bi shi kana ƙwanƙwasawa, musamman wurin da sifirin na baya ya kama. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara tas, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji luƙus, wani lokaci har ɓawo ya zubo. Busasshiyar iskar arewa ta yi mana rana a nan, motocinmu ba sa ruɓewa kamar waɗanda ake shigowa da su daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Sai dai motar manomi tana da nata abokin gaba: takin zamani. In ya zube a bayan mota ya haɗu da damina, cin ƙarfe yake yi ba sani ba sabo, don haka ka duba kusurwoyin wurin lodi da kyau. A jikin bodi kuma ka bi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi mannewa, a nan fanel-bita ya cike lotsawa da kwaɓin da suke shafawa kafin fenti.

Kafin ka shiga ƙarƙashinta, ka ji wannan da kunnen basira. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a dogara da shi. A tokare motar da ƙarfen tokari ko kututture mai kauri, a kuma sa wa tayoyi waigi. Bulon siminti yana farfashewa ba tare da ya yi sallama ba.

Sai inji. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo batir a murza makulli a ga ko za ta tashi. Man da ke jiƙa cikin injin ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, murzawar farko ƙarfe ne zai goga ƙarfe. Abin da za a yi shi ne a cire fulogi huɗun, a ɗiga kamar cokali ɗaya na man inji a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu. Daga nan a sa sifana a kan babban notin da ke gaban inji, wanda ke riƙe da gargaren da fambel ke zagayawa, a juya da hannu a hankali. In ya zagaya sumul, to labari ya yi daɗi. In ya cije kada a yi masa dole, a ƙara mai a ƙara haƙuri, ana ɗan motsa shi gaba da baya. Kafin a tayar, a juye tsohon baƙin mai a sa sabo da sabuwar filta. A leƙa gidan matatar iska da bakin salansa, domin ɓeraye kan yi sheƙa a ciki su kuma ci wayoyi, zanzaro ma yakan toshe ƙananan bututu da ginin laka.

Tsohon fetur yana komawa danƙo ya toshe kafireto, na'urar da ke gauraya mai da iska. A juye tanki a wanke, a wanke kafireto. Idan tankin yana yoyo, kada ka yarda mai walda ya kusance shi da wuta don kawai an juye man. Tururin da ya rage a ciki shi ne mai fashewa.

Da ta tashi, ita da kanta za ta faɗa maka ciwonta. Hayaƙi shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi, fetur ya yi yawa, galibi saitin kafireto ne ko matatar iska ta toshe. Farin hayaƙin da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ga kumfa na tasowa a lagireto, ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, wannan alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone ne, ruwa na ratsawa inda bai kamata ba. Ka kuma nemi makanike mai ma'aunin ƙarfin matsa iska na silinda. Ana so huɗun su zo kusa da juna, kada bambancin ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a ɗiga mata mai a sake awo. In awon ya tashi, ringin fistin ne suka cinye. In bai tashi ba, a nemi laifin a bawul ko gaskit. Awon nan ba ya cin rabin sa'a, kuma shi ya kamata ya yanke hukuncin sauke inji.

Ga wani sirri na injin 504 mai shan fetur. Silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ana zare shi a sa sabo, abin da ya sa gyaransa ke da sauƙi. Amma idan an ɗaga kan inji, kada a juya injin sai an danne silif ɗin da noti da babban wosha. In ɗaya ya ɗaga ko kaɗan, hatimin da ke gindinsa ya lalace, ruwa zai riƙa gangarawa cikin mai bayan an gama ɗaurewa. Makaniken da ya san wannan ba tare da ka faɗa masa ba, riƙe shi da kyau.

Notin da ya cije da tsatsa kuwa, a goge shi da burushin waya, a jiƙa shi da man sassauta tsatsa, a ɗan bubbuge shi, sannan a fara ɗaure shi kaɗan kafin a kwance. Wannan 'yar ɗaurewar ita ke karya tsatsar. In ya ƙi, a gasa notin da wuta ya buɗe, muddin ba kusa da layin fetur ba ne. In kan ƙusar ya guntule, mai walda ya ɗora sabon noti a kan guntun ya like, zafin waldar ma yana taimakawa ya saki. Makanikai da yawa man burki suke ɗigawa, yana ɗan yin aiki, amma yana cin fenti. Duk abin da za a kwance, ka ɗauki hotonsa da waya tukuna, ka kuma huda kwali ka jera ƙusoshin yadda suke a jikin motar, domin ba tsawonsu ɗaya ba.

Matsalar wuta a tsohuwar mota sau da yawa ba batir ba ne, wayar da ta haɗa batir da jikin mota ce ta yi tsatsa. Kafin ka kira rewaya, kankare bakinta har ƙarfe ya yi haske. Farin garin da ke taruwa a kan batir, ruwan kanwa mai ɗumi yana wanke shi, a kula dai kada ya shiga cikin ramukan. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma awon ya hau wajen 14.

Za a ce maka a cire tamostat, ɗan murfin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai don ƙasarmu akwai zafi. Ban goyi baya ba. Mai lafiya yana buɗewa da kansa in zafin ya kai, injin da ke yawo da sanyi kuma ya fi shan mai ya fi saurin cinyewa, balle da asubar hunturu. Jefa shi a tafasasshen ruwa ka gani, in ya buɗe a mayar da shi, a je a wanke lagireto.

Kada motar ta hau titi sai an taɓa burki. Man burki yana tsotsar danshi, don haka a juye shi duka, a sauya robobi da tiyo, a fitar da iska ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da direba. Tayoyi ma ko zanensu bai goge ba, rana ta gama da su. A gefen kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Fenti kuwa ka bar shi sai ta yi kaka ɗaya tana jigila, lokacin ka san sauran wuraren da za a sake kai wa mai walda.