BA A KORAR BAƘO SAI AN JI TA BAKINSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya yalwata ta ga bayinSa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya yi hijira daga Makka zuwa Madina, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi baƙo da mai neman mafaka, da hukuncin fitar da su daga ƙasa. Mas'alar ta same mu ta fuska biyu. Ta fuskar farko, ƴaƴanmu na Birnin Lalle da sauran garuruwan Dakoro suna tafiya ci-rani Libiya da Aljeriya da ƙasashen kudu, wani lokaci a dawo mana da su a bayan manyan motoci, babu kaya babu guzuri. Ta fuska ta biyu, tun daga shekarar 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako cikin jahar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Ashe ke nan mu ne baƙin, mu ne kuma masu masauki. Ƙa'idar da muke son mu tsayar a kanta ɗaya ce: hukuma tana da ikon fitar da baƙo, amma ba ya halatta a kore shi ba a saurare shi ba, ba ya kuma halatta a mayar da shi inda za a halaka shi.

SHARI'AR DA AKA YI A GABAN NAJJASHI

A shekara ta 5 bayan aiko Manzon Allah (SAW), da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai ya umurci wasu daga cikin sahabbansa su tafi ƙasar Habasha, domin akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Da suka zauna lafiya a can, sai Ƙuraishawa suka aiki Amru bin As da Abdullahi bin Abi Rabi'a da kyaututtuka masu yawa, don a miƙa musu waɗannan mutane. Uwar Muminai Ummu Salama (RA), wadda tana cikin masu hijirar, ita ta ba da labarin dabarar da suka yi. Sun fara bi ta kan fadawa, kowa da tasa kyautar, suna roƙon abu guda, wato a sa sarki ya miƙa su ba tare da ya yi magana da su ba. Sun san cewa muddin aka saurari masu hijirar, to, ƙarar tasu ta faɗi.

Najjashi ya ƙi. Ya ce ba zai ba da mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa ba, sai ya kira su ya tambaye su. Ja'afaru bin Abi Ɗalib (RA) ya miƙe ya bayyana halin da suke ciki a jahiliyya, da abin da Annabi (SAW) ya kira su zuwa gare shi, da irin cutar da aka yi musu, sannan ya karanta farkon Suratu Maryam. Washegari Amru ya dawo da wata sabuwar ƙara game da abin da Musulmi suke faɗa a kan Annabi Isa (AS). Nan ma sarki ya sake kiran su, Ja'afaru kuwa ya faɗi gaskiyar aƙidarsu, bai sassauta ta don neman yardar sarki ba. Daga ƙarshe aka ba su aminci, aka mayar wa Ƙuraishawa da kyaututtukansu.

Abubuwa uku ne suka tsirar da su da izinin Allah: mai hukunci da ya ƙi yanke magana da jin ɓangare ɗaya, da ƙin karɓar toshiyar baki, da mai neman mafaka da ya faɗi gaskiya.

ABIN DA SHARI'A TA TSAYAR

A cikin Suratut Tauba, aya ta 6, Allah (SWT) Ya umurci AnnabinSa da ya ba mushiriki mafaka idan ya neme ta, kuma bayan ya ji maganar Allah a kai shi wurin da zai sami aminci. Mu lura da ƙarshen umurnin. Ko da zaman baƙo ya ƙare, ba a jefar da shi inda aka ga dama, raka shi ake yi har inda ransa zai kuɓuta. In wannan shi ne haƙƙin wanda ba Musulmi ba, yaya ke nan haƙƙin ɗan'uwa Musulmi?

Bayan sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira, Ummu Kulsum ƴar Uƙba ta gudo Madina, ƴan'uwanta maza biyu suka biyo ta suna neman a mayar musu da ita. Sai aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta sauka, ta yi umurni da a jarraba matan da suka yi hijira, wanda aka tabbatar da imaninta kada a mayar da ita. Wannan ya nuna cewa tambayar mai neman mafaka da bincikar dalilinsa ba wulaƙanci ba ne, shi ne hanyar da ake rarrabe mai gaskiya da waninsa.

A ranar buɗe Makka kuma, Ummu Hani ƴar Abu Ɗalib ta ba da mafaka ga wani daga cikin dangin mijinta, Aliyu (RA) yana nufin kashe shi, sai Annabi (SAW) ya zartar da amincin da ta bayar. A kan haka ne malamanmu na Malikiyya, kamar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala, suka ambaci ingancin amincin da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar, har da mace. Haka nan da aka aiki Aliyu (RA) alƙalanci Yaman, an yi masa wasiyya da kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko.

HUKUNCE-HUKUNCEN KOTUNAN ZAMANI

Dokokin duniya na yau sun zo sun tarar da wannan ƙa'ida. Yarjejeniyar Janeba ta 1951, a sashe na 33, ta hana mayar da ɗan gudun hijira inda ake barazana ga ransa ko ƴancinsa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda ya gudu saboda tashin hankalin da ya dagula ƙasarsa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981, a sashe na 12, ta hana korar baƙi jumla guda, ta kuma ce baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida ba a fitar da shi sai da hukuncin da ya dace da doka. Ga misalai uku na yadda kotuna suka yi aiki da irin waɗannan ƙa'idoji.

Na farko, a watan Janairun 1980 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, ta kai shi Cadi, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu a kan asalinsa, ta yanke cewa ɗan Nijeriya ne, korarsa ta saɓa wa tsarin mulki, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da haka. Idan mai riƙe da irin wannan muƙami sai da ya nemi shaidar asalinsa, to, talakan da ke zaune a bakin iyaka ya fi shi bukatar takarda.

Na biyu, Ahmadu Sadio Diallo, ɗan kasuwa mutumin Gini, ya zauna a ƙasar Zayar, wadda a yau ake kira Kwango, fiye da shekara 30. Da ya matsa neman basussukan da kamfanoninsa suke bi, sai aka tsare shi, aka fitar da shi daga ƙasar a 1996. Gini ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg. A 2010 kotun ta ce an keta haƙƙinsa, domin takardar korar ba ta bayyana dalilai yadda doka ta nema ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba. A 2012 ta yanke diyyar dalar Amurka 95,000.

Na uku, a watan Mayun 2009 jiragen ruwan Italiya suka tare wasu ƴan Somaliya da Eritiriya a tsakiyar teku, suka mayar da su Libiya ba tare da tambayar kowa sunansa ko dalilinsa ba. A 2012 Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta ce Italiya ta yi laifi, domin kowane mutum sai an duba lamarinsa shi kaɗai, ko da a cikin teku aka same shi.

INDA BABU ALƘALI

Sai dai mafi yawan korar da ta shafi mutanenmu ba ta bi ta gaban alƙali. A 1969 Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, Hausawa da yawa suka yi asarar gidaje da shaguna. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi masu ɗimbin yawa. A zamaninmu kuwa, tun daga 2014 Aljeriya take dawo da ƴan Nijar cikin ayarin motoci, wasu baƙin kuma a sauke su a cikin rairayi, su taka wajen kilomita 15 kafin su kai Assamaka. Masu bin diddigin lamarin sun ƙidaya fiye da mutum 30,000 a shekarar 2024 kaɗai. Ba mu kuma manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a watan Oktoban 2013 ba, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance. Soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure da aka yi a ƙarshen 2023 bai rage zafin Sahara ba, bai kuma canza dokokin ƙasashen da ake nufa ba.

ABIN DA YA HAU KAN MATAFIYI

1. Ya nemi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa kafin ya bar gida, uba kuma ya yi wa jaririnsa rajista tun kafin a watse daga taron suna. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, saboda haka a tambayi hukuma takardun da kowace ƙasa take nema kafin a ɗauki hanya.

2. Ya san bambancin ɗan gudun hijira da ɗan ci-rani. Neman halal abin yabo ne, amma kotuna ba su ɗauki talauci kaɗai a matsayin dalilin ba da mafaka ba. Wanda ya sayar da gonar gado bisa alkawarin dillali cewa da isarsa Turai za a ba shi takarda, an yaudare shi.

3. Kada ya yi ƙarya a gaban alƙali. Akwai masu koya wa matasa ƙagaggen labari, har da canza suna da ƙasa da addini. Wannan haramun ne, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: da zarar magana ta saɓa wa magana, alƙali ya daina gaskata har abin da yake gaskiya, a kuma ja wa masu gudun gaske zargi. Ja'afaru (RA) ya tsira ne da gaskiya.

4. Ya kiyaye wa'adi. A Faransa wata ɗaya ne ake bayarwa don ɗaukaka ƙara idan an ƙi ba mutum mafaka. A Amurka, bisa ƙa'ida, ana shigar da neman mafaka cikin shekara ɗaya da isowa, wanda kuma bai halarci zaman kotu ba ana iya yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa.

5. Ya girmama dokar ƙasar da ta karɓe shi, domin aminci alkawari ne mai ɗaure ɓangarorin biyu.

ABIN DA YA HAU KAN MAI MASAUKI

Tarihin baka na Gobir ya nuna cewa Gobirawa daga Azbin suka gangaro, suka zauna Birnin Lalle kafin su ƙara gaba zuwa kudu. Maraɗi da Tsibiri ma, waɗanda yaƙi ya fitar daga Katsina da Alƙalawa ne suka mayar da su mazaunin sarauta a ƙarni na 19. Duk wanda ya bi salsalar gidansa a wannan yanki zai tarar da kakan da wani ya taɓa ba shi wurin zama.

A yau ƴan'uwanmu da suka tsallako suna zaune a yankunan Gidan Rumji da Madarumfa, an kuma tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Nijar tana da dokar ƴan gudun hijira tun 1997, da hukumar da ke tantance su. Gaskiya ne mutane suna tsoron kada masu kai wa ƴan bindiga labari su saje a cikinsu, wannan tsoro kuwa ba wauta ba ce. Amma maganinsa shi ne a kai rahoto ga mai gari da jami'an tsaro, a bincika, a hukunta wanda laifi ya tabbata a kansa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umurce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane, Alƙur'ani kuma ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani nauyin zunubin wani. Korar zango guda saboda laifin mutum ɗaya ita ce ainihin abin da muke kuka da shi idan aka yi wa ƴaƴanmu a arewa.

Saboda haka muna kira ga limamai da shugabannin masallatai su sa marayu da zawarawan da ke cikin waɗannan baƙi a lissafin zakka da sadaka, a buɗe wa ƴaƴansu makarantun allo da na Islamiyya, kada a tsauwala musu a kuɗin haya ko ladan ƙwadago. Wanda kuma aka dawo da shi daga Assamaka hannu banza, kada a tarbe shi da gori, a taimaka masa da iri da jari ya sake tsayuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka gudu zuwa gidajensu cikin aminci, Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.