Furen Itatuwa da Baƙinsa

Littattafan kimiyya da aka rubuta a Ingila suna cewa itatuwa suna fure bayan wucewar sanyi, wajen watan Afrilu. Ɗalibin da ya haddace wannan ya zo ya rubuta mini shi a jarrabawa bai leƙa bayan ajinsa ba. A nan ƙasar Gaya da Ajingi, mangwaro yana fure ne a tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗorawa kuma ta biyo shi. A watan Afrilu mu shan mangwaro muke yi.

To, ku dubi yadda daji yake a wannan lokaci. An gama girbi, ciyawa ta bushe, wani wurin ma an cinna mata wuta. Ƙudan zuma ba shi da inda zai sa baki sai a kan itatuwa. Abu biyu yake nema a fure: ruwan zaƙi, wanda yake mayarwa zuma, da ƙurar fure, wadda yake ciyar da 'ya'yansa. Gawo kan taimaka tun daga kaka, domin shi yakan yi ganye da fure sa'ad da sauran itatuwa suke kaɗe nasu. Shi ya sa masu zuma suke ɗora amya a kan manyan itatuwa da rani.

Amma ba kyauta itace yake ciyar da baƙinsa ba. Fure ba ya zama ɗa sai ƙurar ɓangaren namiji ta sauka a kan ɓangaren mace. Wannan shi ne barbara. Itace ba shi da ƙafa, sai ya jira mai kai masa. Ƙwaro ya shiga fure yana lasa, ƙurar ta manne a gashin jikinsa, ya tashi ya zube ta a fure na gaba, bai ma sani ba.

Mangwaro abin mamaki ne. Zangarniya guda tana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan furanni, yawancinsu maza zalla, kuma a ƙarshe da kyar ta riƙe 'ya'ya biyu ko uku. Masu yi masa hidima ba ƙudan zuma kaɗai ba ne. Ƙudajen nan da muke kora daga kwanon abinci suna cikin manyan ma'aikatansa. Ita kuwa ɗorawa da dare take karɓar baƙi. Jan furenta mai kama da ƙwallo yana rataye a doguwar igiya, a sarari, inda jemage zai iya kama shi ya sha. Da asuba zuma ta zo ta kwashe saura. Mai jifar jemage da danƙo ya tuna cewa kalwar daddawar miyarsa ta bi ta bakin jemagen nan. Dabino nasa daban ne: namiji dabam, mace dabam, iska ce take kai ƙurar, har manoman Dutse sukan hau su sa ta da hannu.

A 2016 masana daga ƙasashe da yawa sun ba da rahoto cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan amfanin gona na duniya suna amfana da irin waɗannan baƙi. Mu a nan, abin da ya fi damuna shi ne sare ɗorawa don itacen girki da gawayi, da cin zuma da wuta har a ƙone uwar. Akwai kuma fesa maganin ƙwari a lambu da hantsi, daidai lokacin da fure yake cike da baƙi. In feshin ya zama dole, a bari sai yamma liƙis.

Ga aikinku a watan Janairu. Ku zaɓi zangarniya biyu a mangwaro guda kafin furen ya buɗe. Ku lulluɓe ɗaya da tsohon gidan sauro, ku ɗaure bakin sosai, ku bar ɗayar a buɗe. Bayan mako shida ku ƙirga 'ya'yan kowacce, ku kawo mini lissafin a littafinku na aikin gona.