Darasin Wannan Wata: Dashen Lalle a Gida

Lalle ƙaramin itace ne da kowa ya sani. Mata suna ƙunshi da ganyensa, kuma ba a kai amarya sai an sa ta a lalle. Amma gidaje da yawa saye suke yi a kasuwa, alhali kuwa yana iya fitowa a bayan ɗaki. Lalle yana jure fari. Furensa ƙanana ne, farare, masu ƙanshi.

Yadda ake dasa shi

Lokacin dashe shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna. A zaɓi wurin da rana take samu sosai. A guji kwari inda ruwa yake kwanciya, domin saiwar lalle ruɓewa take yi a cikin taɓo.

A yanko reshe mai ƙwari daga lafiyayyen itace, tsawon kamu ɗaya. A haƙa rami, a zuba ruɓaɓɓen taki kaɗan. A binne rabin reshen, a danne ƙasa. Idan shinge ake so, a jera rassan, kamu ɗaya tsakani.

Ana kuma shuka iri. Sai dai ƙwayar tana da tauri. A jiƙa ta kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwa kullum, kafin a shuka.

Yadda ake kula da shi

Shekarar farko ita ce mai wuya. A kewaye dashen da ƙaya saboda awaki. A barbaɗa toka a gindinsa saboda gara. Da rani a riƙa ba shi ruwa jefi-jefi. Ruwan alwala ma ya isa. Da zarar saiwa ta yi nisa cikin ƙasa, ba ya bukatar ban ruwa sosai.

Kada a bar shi ya yi tsawo. A riƙa sare kansa daidai ƙugu. Sara yana sa shi tofo, kuma sabon ganye ya fi kamu.

Bayan an yanka, a shanya a inuwa, domin rana tana kashe launin ganyen. Idan ya bushe a kakkaɓe, a daka, a tankaɗe, a adana inda babu laima. Abin da ya ragu bayan bukatar gida a kai kasuwa, musamman gab da Salla.

Tambayoyi

1. Yaushe ake dashen lalle?
2. Me ya sa ake sare kansa?
3. A ina ake shanya ganyensa?