Yadda Za Ka Sa ISD1820 Ya Yi Ta Maimaita Magana

Duk wanda ya shiga kasuwa ya san lasifikar mai maganin ɓera, wadda ke nanata magana ɗaya tun safe har yamma, mai ita kuwa yana zaune bai ce uffan ba. Ɗan allon nan na ISD1820 da muke saye don furojet zai iya wannan aiki, kuma ba sai an haɗa shi da Arduino ba. Ina ganin asarar kuɗi ce a sayo Arduino don abin da waya guda za ta yi.

Allon yana aiki da bolt 3 zuwa 5, yana da makirfo da ƙaramar sifika mai om 8. Maɓallansa uku ne. REC na ɗaukar murya. PLAYL yana magana muddin kana danne da shi. PLAYE kuwa taɓawa ɗaya yake so, ya karanto saƙon har ƙarshe ya yi shiru.

To, ga inda dabarar take. Ƙafa ta 2 a jikin ayisin, wato PLAYE, ba ta damu da daɗewar wuta ba, lokacin da wutar ta tashi daga ƙasa zuwa sama kawai take jira. Ƙafa ta 13, mai kunna ɗan fitilar ɗaukar murya, tana da wata ɗabi'a: duk sanda saƙo ya ƙare, sai ta faɗi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido ta koma sama. Idan ka haɗa ƙafafun biyu, wannan komawa saman ita ce za ta zama "dannawa" ga PLAYE. Ayisin ya riƙa danna wa kansa maɓalli ke nan. Wannan bayanin shi malami zai nema ranar kare furojet, don haka a riƙe shi da kyau.

Wasu allunan sun zo da wurin haɗin a shirye, an rubuta P-E. Idan naka ba shi da shi, liƙa waya da dalma, amma ka sa makunni a tsakani, don ka iya tsayar da shi ba tare da cire batir ba. Buɗe makunnin kafin ka ɗauki sabuwar murya. Bayan ka gama kuma ka rufe REC da salatif, domin dannawa ɗaya bisa kuskure za ta hau kan tsohon saƙon. Ɗauke wuta dai ba ya goge shi.

Daƙiƙa 10 allon ke ɗauka da resistan 100K da ke ƙafa ta 10. Ka sa 200K ka sami daƙiƙa 20, sai dai muryar za ta dushe kamar mai magana a cikin tulu. Ni na fi son a taƙaita saƙon a bar resistan. Kuma ka bar shiru na daƙiƙa ɗaya a ƙarshen ɗauka, in ba haka ba kalmar ƙarshe za ta ci karo da ta farko.

Mai son ƙara sauti ya nemi LM386, ya ɗauko daga SP+ ta cikin kafasita. Kada a haɗa SP- da GND.